Haƙorin Yanke Zare

Tangaran ake ce masa, har jikokinsa, don da tangaran yake aiki. Shekara talatin da ɗaya yana yin hular haƙori, wato murfin nan da ake kifa wa haƙorin da ya karye ko ya ruɓe don ya koma kamar ba abin da ya taɓa samunsa. Ɗakin aikinsa yana saman wani shagon fenti, matakala goma sha tara, kuma duk wanda ya hau su ya san da faɗa a kunne zai sauko. Dogon tebur ɗaya ne a jikin taga, saboda ko za a yanka shi ba ya zaɓar launin haƙori a hasken lantarki. Ga ɗan tanderun da yake gasa tangaran, ga kaki, ga burusai sirara, ga kantoci cike da bakunan mutane na farin siminti, kowanne da lambarsa a goshi.

Lamba kawai yake gani, haka sana'ar take. Likita ne yake ganin mutum, ya fere haƙorin, ya danna masa wani ƙulli a baki ya ɗauki awo, mai babur ya kawo awon a leda. Tangaran ya zuba siminti a ciki ya fitar da bakin, ya gina hula a kai, mai babur ya mayar. Bai taɓa ganin fuskar masu bakin ba, amma ya fi maƙwabtansu sanin su. Ya san mai tauna a gefe ɗaya, ya san mai cizon haƙora cikin barci, ya san kafintan da yake riƙe ƙusa a baki, ya san mai buɗe kwalba da haƙori, wanda ya sha cewa in da zai gan shi sai ya mare shi kafin su gaisa. Matarsa takan ce ita ba miji ta aura ba, sufeton haƙora ta aura, don ranar da suka fara haɗuwa bai kalli idonta ba sai da ya gama da bakinta.

Mutum ne mai fushi, kuma a faɗi gaskiya, rabin fushin nasa yana kan hanya. Abin da ya fi ɓata masa rai a duniya shi ne hula ba ginin ciki. In haƙori ya karye ya rage ɗan guntu, hula ba ta da abin kamawa. Sai likita ya fara kafa wani siririn turke a cikin saiwar, ya gina ciko a kewayensa har ya zama kututture mai tsayi, sannan a auna, sannan a yi hula. Shi ne ginin ciki. Yana cin zama ɗaya ko biyu, ba mai ganinsa, ba mai yabonsa, shi ya sa masu gaggawa suke tsallake shi. In an tsallake, hular za ta yi kyau ranar farko har a ɗauki hoto. Daga nan sai ta fara rawa, tana rawa tana murɗa saiwar, har ranar da saiwar za ta tsage, sai dai a cire haƙorin gaba ɗaya.

In aka kawo masa irin wannan aikin, waya yake ɗauka ya wanke likitan tas, ta inda ya shiga ba ta nan yake fita ba. In likitan ya dage, sai ya ɗauki jan biro ya rubuta a takarda biyu: "Babu ginin ciki. Hular nan ba za ta zauna ba." Ɗaya ya jefa a ledar aikin, ɗaya ya soke a wata doguwar ƙusa da ke jikin bango. Sannan ya zauna ya yi hular. Wannan zaman na ƙarshe shi ne abin da bai taɓa tsayawa ya duba ba. A ganinsa tunda ya faɗa kuma ya rubuta, ya fita daga laifi. Ƙusar ta cika har ya kafa ta biyu, kuma duk baƙon da ya hau sai ya nuna masa su da alfahari.

Mutum ɗaya ce faɗansa bai taɓa kamawa ba, yayarsa. Tela ce, ta girme shi da shekara tara. Yana aji uku mahaifinsu ya rasu, kuma da ƙafarta a kan keken ɗinki ta riƙe shi har ya gama makarantar koyon aikin haƙora. Har yau, da furfurarsa da jikokinsa, Auta take ce masa, kuma ita kaɗai ce take ce masa ya yi shiru ya yi. Ba ta yanke zare da almakashi. Tana kai ƙarshen ɗinki sai ta jawo zaren zuwa gefen hagu na bakinta, ƙas, ta wuce na gaba. Ta fi shekara arba'in tana haka, har zaren ya sassaƙa wa kansa 'yar hanya a haƙora biyu, na sama da na ƙasa, 'yar tsaga siririya daidai kaurinsa.

Tun da ya san aikin haƙori yake rigima da ita a kan wannan. Almakashin da ya saya mata sun fi goma, da mai igiyar ratayawa a wuya, da ƙarami na sawa a aljihu, da wani mai tsada da ya aika aka kawo daga nesa. Suna nan a aljihun keke, wasu ko daga takardarsu ba a cire su ba.

"Yaya, wata rana haƙorin nan zai ɓalle ki gan shi a hannunki."

"To in ya ɓalle ai ga ka, Auta. Don me na biya makaranta?"

Rannan dai zuciya ta ɗebe shi, a gaban masu jiran ɗinki ya ce, "Ranar da ya ɓalle kada ki zo wurina. Na gaji da magana da bango."

Ta yi dariya, ta ciji zare a gabansa don neman magana. Shi kuwa kafin ya kai bakin titi ya manta ya faɗa.

Bara wani matashin likita ya buɗe asibiti can ƙarshen gari, mai ƙofar gilashi da kujeru masu laushi, ya fara aiko masa da aiki. Duk takardarsa a ƙasa akwai "ana so yanzu-yanzu", sai Tangaran ya raɗa masa Yanzu-Yanzu. Yaro ne mai hannu, wannan kam ba a musu, amma yana ganin zama biyu a kan haƙori ɗaya ɓata lokaci ne. Wata safiya ya aiko da lamba ɗari huɗu da sha bakwai. Rabin awo ne ma, haƙora huɗu na sama kawai, ko na ƙasa bai auna ba. Haƙorin da za a yi wa hular ya karye har kusa da dasashi, ɗan abin da ya rage bai kai ƙwayar shinkafa ba.

Tangaran ya kira shi. "Likita, wannan me zan kifa wa hula, iska? Ina ginin ciki? Ina awon ƙasa? Ko a makarantarku ranar da aka koyar da wannan kana gida?"

"Baba, mai shi tana sauri, tana da aiki. A yi hakanan, zan sa gam mai ƙarfi."

"Gam! Ka ji shi, gam."

Ya kashe wayar, ya yi tsaki, ya ɗauki jan biro. Takarda ɗaya a leda, ɗaya a ƙusa. Sannan ya zauna ya yi hular, kuma da yake hannunsa bai iya ha'inci ba, ya yi ta da kyau na ban mamaki. Sau uku ya gasa ta kafin launin ya yi masa, fari-fari mai ɗan rawaya a gindi irin na wanda ya manyanta.

Bayan wata huɗu mai babur ya hau matakala da leda. Lamba ɗari huɗu da sha bakwai ce ta dawo. Ga hular a ƙulle a auduga ta faɗo, ga sabon awo, wannan karon baki gaba ɗaya, sama da ƙasa, ga takarda: a sake wata, ana so yanzu-yanzu. Abin kunya ne a faɗa, amma daɗi ya ji. Ya je ƙusa ya yi ta bincike har ya zaro takardarsa, ya karkaɗa ta a fuskar mai babur, bawan Allah da bai san hawa ba bai san sauka ba. "Ka gani? Wata huɗu. Na faɗa ko ban faɗa ba?"

Ya kwaɓa siminti ya zuba, ya jira ya daskare, ya ɓare awon. Ya haɗa na sama da na ƙasa ya juya wajen taga, kamar yadda ya yi wa dubban bakuna. Guntun ya ƙara gajarta. Ya kai idonsa kan haƙorin ƙasa da yake fuskantarsa, sai ya ga 'yar tsaga siririya a bakinsa. Ya sa farce ya bi ta. Ya buɗe aljihun tebur ya ɗauko wani guntun zare da yake ɗaure leda da shi, ya ɗora. Zaren ya kwanta a ciki daram. Sai a lokacin ya ga sauran, haƙoran ƙasa biyu da suka ɗan hau juna, da giɓin turmin haƙorin da aka cire mata shekarar da ta haifi 'yarta ta fari. Bakin da ya fi sani a duniya ne a tafin hannunsa.

Bai rufe ɗaki ba ma. Ya jefa bakin simintin a aljihun riga ya sauka, ya ce wa mai babur ya kai shi inda ya fito. Shekara talatin da ɗaya bai taɓa shiga asibitin haƙori ta ƙofar gaba ba, don mai yin hula ba ya haɗuwa da marasa lafiya. Ranar ya tura ƙofar gilashin har ta bugi bango, ya wuce nas ɗin da take tambayarsa ko yana da kati, ya samu Yanzu-Yanzu yana wanke hannu.

"Baba, kai ne da kanka? Zauna mana."

"Ba zama ya kawo ni ba." Ya dire bakin a tebur. "Wannan yayata ce. Ita ta raine ni. Ka fere mata haƙori ka bar shi ba gini, hula ta faɗo, kuma ko kunya ba ka ji ba ka ce a sake wata a kan abin da ya rage? Zama biyu ne ya gagare ka? Kujerar taka ta zinariya ce da tsohuwa ba za ta hau ta sau biyu ba? Kun mayar da bakin mutane wurin gasar gudu."

Ya yi ta yi, nas ta rufe ƙofa saboda masu jira. Likitan ya tsaya ya ji duka, fuskarsa ta canja, don bai san alaƙarsu ba. Da Tangaran ya tsaya shan numfashi sai likitan ya ce, "Na ji, Baba. Na tsallake, laifina ne, ba zan musa ba. Amma wa ya yi hular?"

"Na rubuta maka!"

"Ka rubuta, na karanta. A leda ɗaya takardar ta zo da hular. Da ba ka aiko ba, me zan sa mata? Aiki bakwai ka yi mini irin wannan, kowanne da jan biro. Yau ce rana ta farko da ka zo."

Maganar rashin kunya ce, daga bakin wanda ba shi da ta cewa. Amma Tangaran ya san gaskiya ce. Ya ɗauki bakin simintin ya fita, kuma fushin da ya shiga da shi bai ragu ba ko kaɗan, sai dai yanzu ya rasa wanda zai sauke wa.

Shagon Yaya ɗan ƙarami ne tsakanin mai gyaran agogo da mai sayar da maɓalli. Ya same ta a kan keke, ta jawo gefen ɗankwali ta rufe rabin bakinta, kumatun hagu ya ɗan tashi. Tana ganin fuskarsa ta cire ƙafa daga keken.

"Wa ya gaya maka?"

Ya ajiye bakin a kan yadin da take ɗinkawa. Ta kalle shi, ta kalli Tangaran. "Nawa ne wannan? Kai, ashe haka nake."

"Yaya, me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Kai ka ce kada in zo."

"Faɗa ne kawai."

"Kullum faɗa ne kawai, Auta. Shekara talatin ina jin faɗa ne kawai. Ranar da ya ɓalle na zauna a nan da rabinsa a hannuna, na ce yanzu in hau matakalar nan goma sha tara da gwiwar nan tawa don a ce mini an gaya mini? Na tsallake asibiti biyu da na san kana yi wa aiki, na tafi can ƙarshen gari inda ba wanda ya san ni." Ta ɗan yi murmushi da gefe ɗaya. "Kuma hular ta yi kyau, ka ji. Na so in bari ta kwana biyu sannan in nuna maka in ce ga wanda ya fi ka."

Ya zauna a bencin masu jira. Ya ce, "Ni na yi ta."

"Kai?"

"Ni. Na ga guntun, na san ba za ta zauna ba, na rubuta a takarda, na yi."

Ta sake kallon bakin simintin. Sannan ta ce, "To ai ba ka san nawa ba ne."

Don ta sanyaya masa rai ta faɗa, amma da marinsa ta yi da ya fi masa sauƙi. Ya tambaye ta yaushe ta fara rawa. Ta ce tun wata na biyu, takan tura ta da harshe ta mayar. Ya ce zare fa? Ta kawar da kai. Ya ji faɗan ya taso masa har maƙogwaro, ya haɗiye shi da ƙyar, karo na farko a rayuwarsa.

Abu ɗaya ya rage masa. In saiwar ba ta tsage ba, har yanzu ana iya kafa turke a yi gini, kuma ya riga ya yi rantsuwa a ransa cewa hular da zai yi mata sai ta kai ta ƙarshen rayuwa. Washegari da safe ya ɗauke ta ya kai ta wurin wani dattijon likita da suka yi aiki tare shekara ashirin, mutum mai sanyin hannu da bai taɓa samun jan biro ba. Aka ɗauki hoto. Dattijon ya ɗaga shi a haske ya daɗe yana kallo, ya sa ɗan ƙarfe ya taɓa guntun, Yaya ta zabura. Ya sake taɓawa a hankali, Tangaran da ke tsaye a bayansa ya ga guntun ya buɗe gida biyu ya koma.

"Ta tsage har ƙasa," in ji dattijon. Ya cire tabarau ya goge. "Da wata huɗu da suka wuce aka kawo mini, aikin zama biyu ne."

Aka yi mata allura aka cire. Tangaran yana riƙe da jakarta da takalmanta kamar ɗan rakiya. Haƙorin ya fito gida biyu, aka jefa a kwanon ƙarfe, ya ji ƙarar sau biyu. Yaya da auduga a baki ta miƙo hannu ta dafa gwiwar hannunsa, ita da aka yi wa aiki ita take rarrashi.

Ranar ya koma ɗakinsa ya zare ƙusoshin nan biyu daga bango da filaya. Takardun suka zube a ƙasa, jan biro ko'ina, lamba bayan lamba. Bai san ko guda nawa ne a cikinsu suka ƙare a kwanon ƙarfe ba, kuma ba shi da hanyar sani, don ba wanda yake dawo wa mai hula da labarin haƙorin da aka cire. Masu haƙoran nan, da yawansu yayun wasu ne. Tun daga ranar, in aka kawo masa guntu ba ginin ciki, ba ya kiran waya, ba ya rubutu. Awon yake mayarwa a leda yadda ya zo. Asibiti biyu sun daina aiko masa da aiki, suna cewa tsohon ya fara rikicewa. Yanzu-Yanzu bai daina ba, kuma aikinsa yanzu da gini yake zuwa, amma har yau in suka yi waya Tangaran ba ya amsa gaisuwarsa da kyau. Fushin yana nan, matarsa ta ce ya ma ƙaru, sai dai ya rage surutu.

Dattijon ya ce sai dasashin ya warke, wata uku, kafin a yi maganar sa mata wani a gurbin. A sati na biyu Tangaran ya biya shagon da yamma ya zauna a benci. Yaya tana haɗa hannun wata riga, suna hira a kan jikarta da ta ƙi makaranta. Ta kai ƙarshen ɗinki, ta jawo zaren zuwa gefen hagu na bakinta ba tare da ta ko duba ba, ta cije. Zaren ya bi ta giɓin ya fito lafiya lau. Ta sake, ya sake fitowa. Ta tsaya da shi a hannu tana kallonsa.

Sai ta jawo aljihun keke, ta tona, ta ɗauko almakashin nan mai igiya. Ta yage takardarsa, ta rataya shi a wuya, ta yanke zaren.

"To ga shi nan, Auta," ta ce. "Ka samu yadda kake so."

Ya tashi ya ce mata ya bar tanderu a kunne. Ta san ƙarya yake yi, ta ƙyale shi ya fita.